Murabba'in Fenti a Bayan Rumfar Jirage

Litinin, 3 ga Maris

Awa ta goma sha ɗaya ke nan, har yau na kasa tsayar da helikwafta cak a iska. Awa ashirin makaranta ta ba ni. In ban iya ba, in koma riƙe sifana.

Shekara tara ina gyaran jiragen nan. Na san kowane noti na cikinsu. Su ne ba su san ni ba.

Laraba, 5 ga Maris

An zana murabba'i da farin fenti a bayan rumfar jirage, a ciki ake so in tsaya, taku biyar daga ƙasa. Daƙiƙa shida na yi. Jirgi ya zame hagu, na ja sandar tuƙi dama, bai ji ba, na ƙara, sai ya kwasa dama gaba ɗaya. Malam mai koya mini ya karɓe.

Ya ce jirgin a rataye yake ƙarƙashin farfela kamar guga a igiya, sai an ɗan jima yake amsa hannu. "Kai kuma kafin ya amsa ka sake yi masa tsawa."

Na san wannan. Ni na sha bayyana wa wasu.

Asabar, 8 ga Maris

Hannu biyu, ƙafa biyu, kowanne da aikinsa. Na ƙara ƙarfi, hancin jirgi ya juya. Na taka feda, wutsiya ta tura ni gefe. Gyara ɗaya, ɓarna uku.

Talata, 11 ga Maris

Abokan aikina na dā sun fito bakin rumfa da kofunan shayi suna kallo. Ogana na dā ya ɗaga murya: "Kaftin, a bar mana rufin!" Aka kwashe da dariya, har da ni.

Su suka yi mini liyafar ban-kwana. An riga an ba wani akwatin kayan aikina. Gaba ta ƙi, baya ba wuri.

Alhamis, 13 ga Maris

Maman yara ta gaya wa 'yan'uwanta duka mijinta matuƙi ne. Yau tana zuba mini abinci ta ce, "Baban yara, cokalin ma shaƙe shi za ka yi?" Na duba, na damƙe shi kamar sandar tuƙi.

Ban gaya mata saura awa huɗu ba.

Litinin, 17 ga Maris

An yi ruwa, ba tashi. Wuni guda a ɗakin karatu mara taga, ina zana kibiyoyi a takarda. A takarda jirgina bai taɓa motsi ba.

Laraba, 19 ga Maris

Muna tashi Malam ya ce yana jin wata 'yar ƙara a bayanmu, wai ko giyar inji ce. Na kasa kunne. Na ce a'a, murfin gefe ne, ƙugiyarsa ta saki, na sha ɗaure ta. Ya yi gardama. Na dage, har na fara jin haushi, mutum yana koya mini aikina.

Da na waiga in ƙara masa bayani, sai na ga yana goge tabarau. Da hannu biyu.

Nan take jirgi ya fara lilo, ya karɓa. Ya ce minti uku na yi tsaye cak a iska, ni kaɗai.

Ƙila dai iska ce ba ta da ƙarfi yau. Ban sa rai ba.

Na biya wajen tela a hanya, na ce ya ci gaba da ɗinkin farar rigar matuƙa da na sa ya ajiye. Kada yadin ya lalace ne kawai.