Hodar Da Ta Fasa Cikin Manu

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ya shirya gasar kokawar kaka ta bara a Jega,

Ranka ya daɗe, ka taɓa zuba cokalin soda a cikin nono mai tsami, ka tsaya ka ga abin da zai faru? In ba ka taɓa ba, ka aika a sayo maka yau, ka gwada a kwalba, ka toshe bakinta da yatsa. Abin da za ka ji yana tunkuɗo yatsanka, shi ne ya faru a tumbin yayana Manu, a fagen da kai ka shirya, kana zaune ƙarƙashin rumfa ana yi maka fifita.

Gaisuwa ta zo daga baya, a gafarce ni. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Mu dai a gidanmu lafiya ta yi ƙaura.

Sunana Sahabi, daga Liba ta ƙasar Maiyama. Ban yi boko ba. Ajin yaƙi da jahilci ya nuna mini baƙi, sauran na tsinta a guntayen jaridun da ake ƙunshe ƙosai. Na faɗi haka ne don kada a ce wani ya rubuta mini, ko 'yan siyasa suka zuga ni. Ba kuma don son a san ni na kawo maganar nan gidan jarida ba. Na je Maiyama, aka ce gasar ta Jega ce. Na je Jega, aka ce mai horar da 'yan kokawar daga Birnin Kebbi aka turo shi. Na je Birnin Kebbi, wani akawu ya ce jihar sabuwa ce, takardu ba su gama zuwa daga Sakkwato ba. Jihar da muka yi wa rawa ranar da aka ba mu ita, yau ita ce hujjar da ake kora ta da ita.

Ga maganata.

Na ɗaya. Kafin gasar kun tara 'yan kokawarmu a wata makarantar firamare a Maiyama, kun kawo musu mai horarwa, wani mai usur a wuya da farin takalmi. Shi ya fito da farar hoda a leda, sodar nan da masu gashin burodi ke aiki da ita, ya ce sunanta bikabonet. Ya ce 'yan damben ƙasashen waje ita suke sha, tana kashe zafin da ke kama cinya da damtse in kokawa ta yi nisa, mutum ya yi kaye biyu uku bai gaji ba. Ya damƙa wa kowa ƙullinsa, ya ce a sha kafin a shiga fage. Iyakar bayaninsa ke nan. Bai ce cokali nawa ba. Bai ce da me za a sha ba. Bai tambayi kowa me yake ci ranar kokawa ba.

Da ya tambaya, da kowa ya gaya masa. Ɗan kokawar ƙasar nan ba ya shiga fage da ciki wofi. Tun kakanninmu, ranar kaye sai an dama masa fura da nonon da ya kwana, mai tsamin gaske, ya shanye ƙwarya guda, sannan ya ɗaure damara tamau, ya ɗora guru a kai. Haka Manu ya yi. Innarmu ce ta dama masa da hannunta, a nonon da Fulanin bayan gari suka kawo masa kyauta don suna alfahari da shi. Ya sha ya ƙoshi, sannan ya juye ƙullin gaba ɗaya a ludayi, ya kora da sauran furar, don a tunaninsa abin da gwamnati ta kawo ba ya cuta, kuma in kaɗan na ƙara ƙarfi, mai yawa ya fi.

Bayan la'asar aka haɗa shi da Bawa na Andarai. Makaɗa na kiran Manu, mata na guɗa, shi kuwa tun yana kirari na ga yana danna ciki, yana neman gyatsa ta ƙi fita. Bawa ya rungumo shi a ƙugu ya matsa, irin matsar da kowane ɗan kokawa ke yi. Manu ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi irinta ba, ya durƙushe. Da muka yanke damarar, cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Ba likita a fagen, ba mota. A bayan motar albasa muka kai shi babban asibiti. Ku kuwa kuka ɗaga hannun Bawa, aka ci gaba da kiɗa.

Na biyu. Likitan da ya yi masa aiki ya ce tumbinsa ne ya yage. Ya tambaye ni me ya ci, na gaya masa, ya riƙe kai. Shi ya bayyana mini cewa soda in ta haɗu da tsami iska take haifarwa, in kuwa ciki a cike yake, a ɗaure, iskar ba ta da hanyar fita. Ban tsaya nan ba, na bi wani malamin asibiti a Jega har ya karanta mini abin da littafinsu ya ce, ya fassara mini. Ba zan yi wa hodar ƙarya ba, littafin bai ce ba ta da amfani ga mai wasan ƙarfi ba. Amma ya ce auna ta ake yi da nauyin mutum, a sha da ruwa mai yawa, da tazara kafin wasa, kuma ba a kan cikakken ciki ba, sannan ko a haka tana sa wasu amai da zawo. To, mai usur ɗinku ya san wannan ya ɓoye, ko bai sani ba kuka ba shi 'ya'yan mutane? Ka zaɓi wadda ta fi maka sauƙi.

Manu ya rayu, alhamdu lillahi. Amma mutumin da ke ɗaukar buhun albasa a Aliero kamar yana ɗaukar matashin kai, yau matarsa Hajo ke miƙa masa buta. Fadamarsa da yake yi wa ban ruwa da jigo, maƙwabci ke nomawa. In ya ji kiɗan kokawa daga nesa, sai ya juya fuska bango.

Na uku, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Shirunku ya bar wa mutane fili, sun cika shi da abin da suka sani. Duk Liba an yarda Bawa ne ya jefi Manu. Wai an ga ya tofa wani abu a tafin hannu. Har Innarmu haka ta ɗauka, don ya fi mata sauƙi ta ce sammu ne da ta ce a furar da ta dama ne abin ya tashi. Yanzu Bawa ba ya iya ratsa garinmu zuwa kasuwa, an taɓa tare shi da sanduna. Manu da bakinsa ya ce Bawa bai yi masa komai ba, aka ce ai alamar jifan ke nan. Ni na yi bayani a majalisa har muryata ta dushe, wani dattijo ya ce, “Kai yaro, mi kas sani? Abin da gwamnati ta ba da shi ac cuta?” Aka yi dariya, aka ce karatun takardar ƙosai ya hau mini kai.

Na huɗu. Tunda laifin ya koma kan Bawa, hodar ta fita da farin jini. 'Yan kokawar Liba da Andarai da ƙauyukan Aliero suna nan suna shanta, a kan furar nan dai, ƙarƙashin damarar nan dai. Wanda bai samu ta leda ba, sai ya daka kanwar da ake ba shanu, ya ce ai duk ɗaya ne. Gero ya fara nuna, makaɗa sun fara ɗaure ganguna, na kuma ji an ce kwamitinka ya zauna kan gasar bana. Wani tumbin zai fashe. Ban san na wa ba ne kawai.

Ba diyya nake nema ba, na san ba za ta zo ba, ba kuma za ta ɗinke abin da ya yage ba. Abin da nake roƙo ba ya cin ko man mota. Ka shiga gidan rediyo, da Hausa, a lokacin da manoma ke saurare, ka ce hodar da kwamitinka ya raba ita ta kwantar da Manu, ba Bawa ba, kada kowa ya sake shanta sai da awon likita. A sa sanƙira ya maimaita a kasuwannin Jega da Aliero da Maiyama. Ni sun ƙi ji daga bakina. Daga bakin mai babbar riga za su ji, don daga irin bakin suka karɓa tun farko. Sannan kada a sake buɗe fage ba malamin asibiti da mota a gefe.

Gaskiya ban sa rai za ka yi ba. Na ga yadda ake kallon takardar talaka a ofis. Na rubuta ne don ranar da aka ɗauko na biyu a bayan motar albasa, kada a sami wanda zai ce ba a gaya masa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka 'ya'yanka daga shan abin da ba a yi musu bayaninsa ba, ya sa ka gama da kujerar nan ba da haƙƙin kowa a wuyanka ba.

Amma amsa muke jira, Ranka ya daɗe, kuma ba a ofis ba, ba ta bakin akawu ba. A bainar jama'a aka raba hodar, a bainar jama'a Manu ya faɗi. Ka fito a bainar jama'a, kafin a buga gangar farko ta bana, ka gaya wa mutanen ƙasar nan: wa ya kayar da Manu?

Wassalam.

Sahabi, ƙanen Manu,
Liba, ƙasar Maiyama.