Gajeren Wuya

Litinin, 9 ga Yuni

Yaya ya sa wa kekena sabon hannu. Ba sabo ba dai, nasa ne da ya cire, mai faɗi kamar ƙahon bijimi. Wai a kan duwatsu mai faɗi ya fi riƙuwa. Sannan ya kafa min sharaɗi a gaban Mama: ran Asabar zan bi shi da abokansa tudun bayan masaƙa, in na sake saukowa ina tura keke irin na wancan karon, ɗan Kawu zai ba wa. "Keke ba kayan ado ba ne, Shiru-shiru."

Matsalar, tsohon wuyan ya yi wa sabon hannun kaɗan. Wuya shi ne guntun ƙarfen nan da ke haɗa hannu da jikin keke. Wai in je wurin mai gyara in zaɓa da kaina. Da bakina!

Talata, 10 ga Yuni

Na je. Baba mai gyara ya jera min wuya uku a kan benci. Kuma wa ke gefe yana ba tayarsa iska? Mai Jar Hula, abokin Yaya. Na sunkuyar da kai.

Sai na tuna littafin da nake karantawa. Jarumar dogon wuya gare ta kamar barewa. Dukansu ma haka suke, ban taɓa karanta wadda aka so don gajeren wuya ba. Na nuna mafi tsawon da yatsa.

"'Yata, kin tabbata?"

Na gyaɗa kai. Ya ɗaura.

Laraba, 11 ga Yuni

Wayyo ni. A miƙe nake a kan keken nan kamar an shanya zane. Nauyina duk ya koma gaba. A gangaren layinmu na ɗan taɓa birki, sai ga ni a cikin shingen maƙwabta. A littafi da tuni wani ya miƙo hannu yana cewa "sannu, kin ji ciwo?" Ni akuya ce ta leƙo.

Gwiwa ta kuje. Ban gaya wa kowa ba. Ɗan Kawu har ya fara tambayar ko sirdin yana sauka.

Alhamis, 12 ga Yuni

Na gano! Ni kaɗai na gano!

Ina goge bangon tsakar gida, na dafa shi da hannu biyu don in huta. Da na ware hannuwan, sai hancina ya matso kusa da bango. Na haɗe su, na yi baya. Na sake warewa, na matso. Ashe faɗin hannun ya riga ya jawo ni gaba, ni kuma na ƙara masa dogon wuya. In hannu ya yi faɗi, wuya sai ya gajarta.

Mama ta same ni ina ta yi. "Ke lafiya? Yanzu kuma da bango ake soyayyar?"

Saura in koma in ce na yi kuskure. Wannan ce wuyar ta gaske.

Juma'a, 13 ga Yuni

Tun daga gida nake maimaita maganar. Na tarar shagon a cike. Na so in juya, sai na tuna fuskar ɗan Kawu.

"Baba, gajeren wuya nake so!"

Ashe da ƙarfi na faɗa. Har mai bugun guduma ya tsaya.

Baba ya ce, "Ikon Allah. 'Yan mata na neman dogon wuya, tawa 'yar gajere take nema." Aka kwashe da dariya. Ban mutu ba. Har na yi masa bayanin bango, ya ce to mu gwada mu gani.

Da ya ɗaura na zaga bayan shagon. Bayana ya saki, gwiwar hannuna ta lanƙwasa, inda na kalla nan keken ke bi. Na dawo ina washe baki. Baba ya ce, "Kin ga, bayan wuya sai daɗi." Na ce, "In gajere ne ba."

Ni ce na faɗi haka. A cikin mutane.

Asabar, 14 ga Yuni

NA SAUKO. Tun daga sama har ƙasa ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba!

Na iso wurin dutsen nan da na sauka wancan karon. Na ja jikina baya, na ware hannu, na bar keken ya yi aikinsa. Wani ihu nake ta ji, sai a ƙasa na gane nawa ne.

Yaya ya iso yana haki. "Wa ya ce ki sa gajere?"

"Bango."

Ya kalle ni, ya kalli keken, ya ce, "To, a ba ɗan Kawu haƙuri."

Lahadi, 15 ga Yuni

Mama ta ce tun safe na cika mata kunne, a dawo mata da Shiru-shirunta.

Yaya ya ce wai jiya Mai Jar Hula na bayana har ƙasa. Ban lura ba. Hanya nake kallo.

Littafin na nan a ƙarƙashin matashi, daidai inda jarumar ke bakin taga tana jiran a zo. Zan ƙarasa shi. Ƙila gobe. Sarƙar keken tana neman mai.