Kafaɗar Kawu Idwal

Glynhelyg, Wales
Laraba, 17 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Nesta,

Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Alun da yara, ya kuma sassauta miki ciwon gwiwa yanzu da sanyi ya kankama a can New Zealand. Mu nan bazara ta shigo, wato ruwan saman ya ɗan yi ɗumi. Mama tana lafiya, ta cika tamanin da biyar tana gardama da likita a kan gishiri. Matata Rhian ta koma aiki bayan tiyatar idonta, tana kuma gani sarai, har da abubuwan da na fi so a ce ba ta gani ba.

Na zaɓi takarda ne don a waya ba kya bari in kai aya. Maganar ƙanwarki Olwen ce, kuma da izininta nake rubutawa. Kin karanta a jaridu bara cewa ta soke rangadinta saboda gajiya. Ni na rubuta wa manajanta wannan sanarwa, kuma bayan shekara talatin a ɗakin labarai na san kalmar da ake ɗorawa a inda ba a son faɗin gaskiya. Gaskiyar ita ce kunnenta na hagu ya kusa mutuwa, na daman kuma ƙugi yake yi ba dare ba rana, ladan shekara talatin da shida a gaban manyan lasifikoki. A Hamburg, cikin watan Oktoba, ta rera baiti guda cur muryarta na ƙasa da kiɗan, ba ta sani ba sai da ta juya ta ga fuskar mai kaɗa mata jita. Na'urar da likitoci suka sa mata tana taimaka mata jin magana, amma a kan dandamali komai cakuɗewa yake yi. Ta dawo gida ta ce ta daina waƙa ke nan.

Kin fi ni sanin wadda muke magana a kanta. Ke kika riƙa raka ta kulob-kulob na mahaƙa kwal tana 'yar shekara goma sha bakwai, da rana tana ɗinki a masana'antar riguna, inda ake tsayar da ita a tsakiyar waƙa don lokacin cacar lambobi ya yi. Daga nan London, da waƙar nan da ta hana mu sakat a kowane kanti, da Jamus, da Japan, da shekarun da gidajen rediyo suka manta da ita amma ba ta fasa hawa mota ta je inda aka kira ta ba. Duk tsawon wannan ban taɓa ganin taro ya ba ta tsoro ba. Sai ga shi a cocinmu, cikin mutum sittin da suka san ta tun tana rarrafe, leɓe kawai take motsawa. Wata shida tana shuka albasa a bayan gidan Mama, albasar ma ta ƙi.

Kawu Idwal ne ya fasa shirun. Ya zo cin abincin rana wata Lahadi a ƙarshen Afrilu, ya tsare ta da ido a kan miyar rago, ya ce da ƙarfi, don kin san tun da masana'antar ƙarfe ta cinye masa kunne ba ya magana a hankali, wai ya ji labari ta shigo jam'iyyarsu, yana mata maraba. Ya ce da kurumta tana hana waƙa a kwarin nan, da an rufe ƙungiyar mawaƙansu tun kafin a haife ni. Ya ce ta same shi ranar Talata da ƙarfe shida a ɗakin taro na coci, kuma kada ta sa riga mai kauri. Olwen ta ce haba Kawu, ai ƙungiyar maza ce zalla. Ya ce bai ji ba. Na tabbata wannan karon ya ji.

Ni na kai ta, na zauna a baya. Maza arba'in da biyu ne, tara daga cikinsu da na'ura a kunne. Kwamitinsu ya shiga kicin ya yi minti bakwai yana shawarar ko mace za ta iya hawa bencinsu, abin da ba a taɓa yi ba in ban da don shara. Suka fito da hukunci cewa Olwen ba 'yar ƙungiya ba ce, tana cikin kayan da Idwal ya zo da su, kamar sandarsa. Mai jagorantar waƙarsu, Trefor Bowen, wanda suka yi aji ɗaya da ita, ya ce ta yi haƙuri, ba su da hayaƙi da fitilu masu launi irin na manyan dandamali, amma akwai shayi bayan awa ɗaya.

Ga abin da ni ma ban sani ba, duk da sau ashirin na rubuta labarinsu. Ba sa taɓa ajiye kurma a ƙarshen layi. Kowane ɗaya ana cusa shi ne tsakanin mutum biyu masu ji, kafaɗa manne da kafaɗa, sautin ya bi ta ƙashi ya shiga ƙirjinsa, daga nan ya san inda zai ɗora murya. Na duba littattafan taronsu tun daga farko, babu inda aka rubuta wannan. Haka suka tarar ana yi. Kawu ya ɗan karya dokar, ya sa Olwen tsakaninsa da Dilwyn mahauci mai kunne garau, shi kuma da wani mai ji a ɗaya kafaɗarsa, suka matse ta.

Matsalar ita ce Olwen ba a layi ta girma ba. Da zarar waƙa ta fara hawa, ƙafarta da kanta take ɗaukar ta gaba, ta buɗe hannuwa ga taron da babu shi, ta bar kafaɗun a baya, muryar kuma ta zame. Kawu sai ya damƙo wuyan rigarta ya dawo da ita yana tambayarta ina za ta, Tokyo? Dilwyn ya ce ya sha riƙe tumaki a bakin mayanka, bai taɓa ganin mai zillewa irin wannan ba. Ita kuma ta ce masa in dai za ta ci gaba da manna masa kafaɗa, to ya canza sabulu. Ranar farko sau goma sha ɗaya aka dawo da ita. A mako na uku, a tsakiyar wata tsohuwar waƙar coci, na ga ta runtse ido ta tsaya cak. A mota ta ce mini ta ji abin a haƙarƙarinta, kamar lokacin da babbar mota ke wucewa ta ƙofar gida. Daga nan ta yi ta rera waƙar ƙasa-ƙasa har muka iso gida.

Asabar da ta wuce aka yi bikin bazara na gari, ta yarda ta gwada waƙoƙinta uku a zauren mahaƙa da ƙarfe uku na rana. Makaɗanta suka zo daga Cardiff. Ba a buga talla ba, Mama ce kawai ta gaya wa mutum biyu a asirce, don haka zauren ya cika har bakin titi. Ta gaya mini kafin ta hau cewa in ta zame a gaban mutanen gida, shi ke nan, ba za ta sake ba, kuma na san ba da wasa take ba. Tsarin shi ne Kawu ya tsaya a gefenta cikin kwat ɗin ƙungiya, tafinsa ɗaya a kan fiyano yana ɗaukar sauti, kafaɗarsa a jikin tata yana rerawa ƙasa-ƙasa. A nan asirinsa ya tonu. Mutumin da ya shekara talatin yana kiran waƙoƙinta hayaniyar gwangwani, ashe babu baitin da bai haddace ba.

Na tsaya kusa da Trefor, na roƙe shi ya gaya mini gaskiya komai ɗacinta, don kunnensa ba ya yi wa kowa kara. Biyun farko suka tafi daidai. A ta uku, babbar waƙar, da aka zo wurin hawan, na ga ƙafarta ta ɗaga. Kawu ya miƙa hannu zai kamo rigar, sai ya fasa. Ya saki fiyanon ya bi ta, kafaɗa da kafaɗa, tsoho ɗan saba'in da tara, har bakin dandamali, kurame biyu ba mai ba su sauti, suka riƙe muryar nan har ƙarshe. Ban iya jin komai ba saboda tafi, na juya ga Trefor. Yana goge tabarau, ya ce daidai take, ko gashi ba ta kauce ba. Idwal ne ma ya ɗan sauka, ita ta ɗago shi.

Ba zan ruɗe ki ba, kunnen ba zai dawo ba, likitoci sun faɗa ƙarara. Amma shekaranjiya Litinin ta buga wa manajanta waya ta ce a mayar da ranakun da aka soke, kuma New Zealand na ciki, a watan Fabrairu. Jiya na kai Kawu aka ɗauke shi hoton fasfo, na farko a rayuwarsa. Mai hoton ta ce kada ya yi murmushi, sai da aka ɗauka sau biyar.

Mama tana gaishe ki ƙwarai, da Rhian, da Olwen wadda ta ce kada ki kira ta kina kuka. Ki gaida Alun, da Carys da mijinta, da Emlyn, ki shafa mini kan jikarmu Mali. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki gyara ɗaki biyu, Yaya, mawaƙa biyu ne za su sauka a gidanki.

Ƙaninki,
Gethin