Abin da ke Wuyan Baba

Kano, Asabar.

Zuwa ga ƙanwata Iklima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da Baba. Ƙafata da sauƙi, sai dai mai ɗori ya ce in na kuskura na taka ta kafin ta kama, kada in ƙara nuna masa fuskata. Shi ya sa direba ya kawo wannan kwali maimakon ni.

Baƙaƙen jakunkunan na shagonki ne. Masu toshe sabis ake ce musu. Ki sa waya ciki ki naɗe bakin, ko wa ya kira ba zai samu ba, kuma ba mai iya bin sawunta. Masu mota za su saya don makullinsu, masu gudun kiran surukai kuwa a Nasarawo sai kin kore su.

Ƙaramin abin nan mai igiya, kamar kwalin ashana, tiraka ce ta Baba, mai nuna inda mutum yake a waya. Tun ranar da hanya ta ɓace masa a kasuwa ban sake barci mai daɗi ba. Na yi magana da shi, ya yi mini alkawari ba zai cire ta daga wuyansa ba sai in ni na ce. Kin san shi, yana iya manta inda ya ajiye hularsa, amma ba ya magana biyu. Na saita ta yadda da ya wuce Kagarawal, can bakin gari, wayata da taki za su yi ƙara, sai ki tura mai Keke Napep ya dawo da shi. Don Allah kada tiraka ta shiga jakar nan ko da wasa.

Maganar jikin Bappa Shu'aibu kuma, kada ta kai kunnensa. In ya ji ƙaninsa na kwance a ruga, ba mai riƙe shi, hanyar kuma kin san yadda ta zama. In na warke ni zan kai shi.

Ki gaida kowa. Naki,
Mu'azzam.

Nasarawo, Gombe, Laraba.

Hamma Mu'azzam,

Assalamu alaikum. Ya jiki? Na rubuto ne don a waya ba ka barina in kai aya. Ka yi mini ihu ka kashe, to yanzu ka karanta.

Har yanzu ba a ga Baba ba. Mun duba asibiti, mun ba da cigiya a masallatai, maigidana ya zaga har tasha.

Ka ce sakacina ne. Wane sakaci? Ni ke caja masa tirakar yana zaune tana wuyansa, don ya ƙi a cire. Sau nawa na tura mai Keke ya ɗauko shi a gaban abokansa, ya dawo ya ƙi cin tuwo? Jiya da hantsi ya ce zai je aski. Na duba waya, ɗigon tirakar yana tafiya, ya tsaya a layin dukawa, sai ya ɓace ɓat.

Yau na je wurin. Wani baduku ya ce ya gane shi. Wai wani dattijo ya kawo masa laya naɗe a baƙin ƙyalle, ya ce a ɗinke ta da fata. Na ce me ke ciki? Ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya taɓa buɗe layar mutum?" Abin da ya ba shi mamaki kawai shi ne dattijon ya ƙi cire ta. Sunkuyawa ya yi, aka ɗinke ta a wuyansa.

Hamma, nan take na juya. Na koma shago na duba, jaka ɗaya ba ta nan. Sai na tuna ranar da nake gwada wa wani mai saye, na sa wayata ciki ya kira bai samu ba. Baba na kan benci, ya ce in sake ya gani. Na sake, ya ce in ƙara. Har dariya na yi masa a raina, na ce tsufa ya mai da shi yaro. Ashe karatu yake ɗauka!

Ina zai je da har sai ya ɓoye mana? Rugar Bappa ban sa ta a lissafi ba, tunda Baba bai san yana kwance ba. Ka yi addu'a, ka rage faɗa.

Ƙanwarka,
Iklima.

Malam Inna, Gombe, Alhamis.

Zuwa ga ɗana Mu'azzam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ba ka lafiya.

Na ji kana ta kira kana cewa a rantsar da kowa. Ba sai an rantsar da ni ba. Ni na gaya wa babanku Shu'aibu yana kwance, kuma jikin ya yi nauyi. Ban san ɓoyewa kuke yi ba sai da na ga ya miƙe tsaye yana tambayata tun yaushe. Da na sani ma da na faɗa. Cikinmu ɗaya mu uku, ba ku za ku raba mana labari ba.

Babanku shi ya goyi Shu'aibu a wuya lokacin da muke bin shanu, shi ya fara ba shi sanda. Kai kuma ka rataya masa ƙararrawa kamar saniya mai shiga gonar mutane. Ya ce mini, "Yaron nan ya ɗaure ni da bakina. In na cire na yi ƙarya, in na tafi da ita a tare ni a Kagarawal." Ban san dabarar da zai yi ba. Da Iklima ta zo tana kuka tana ba ni labarin baduku, na kama baki, don ni ma ban zaci haka daga gare shi ba.

Na yi shiru har masu kawo nono suka tabbatar mini ya isa lafiya. Kukan yarinyar nan yana wuyana, na sani. Yanzu na gaya mata inda yake. Kada ku tura kowa. Ya ce in ya gama abin da ya kai shi, shi zai kira ku.

Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka hankali a kan wayonka.

Goggonka,
Mairamu.

Nasarawo, Lahadi.

Hamma,

Assalamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Rasuwar Bappa ka ji a waya, amma sauran ban iya faɗa da baki ba.

Ƙarar da wayarka ta yi jiya da azahar, tawa ma ta yi, ina tsaka da auna wa wata gishiri. Na yar da mudun. Ɗigon ya dawo, can bayan gari inda ba mu taɓa ganinsa ba. Mutanen ruga sun ce bayan an dawo daga maƙabarta ya hau tudun da sabis ke kamawa, ya ari wuƙa ya farke fatar da kansa, ya zauna yana jira.

Sun ce Bappa ya gane shi. Kansa na kan cinyar Baba ya cika, kuma Baba ne ya yi ta laƙƙana masa kalmar shahada.

Da muka isa na zaci zai yi faɗa. Da ma ya yi. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya miƙo mini jakar a ninke ya ce, "Ga kayan shagonki, na ara ban tambaya ba, ki yafe mini." Ni Baba ke roƙo gafara, Hamma! Sannan ya ɗaga igiyar ya nuna mini ya ce, "Ki gaya wa Mu'azzam ban cire ba."

A mota ya faɗi sunan kowane rafi da kowace tsamiya da muka wuce, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da muka kawo Kagarawal ya ce wa direba, "To, mun shigo garke." Ba wanda ya yi dariya.

Ka ce in ka warke za ka kai shi. Da ya jira ƙafarka, kabari zai tarar. Ni ma da ni aka ɓoye, ban cire kaina ba. Yana nan zaune a zaure, abin na wuyansa, ina jin nauyin haɗa ido da shi.

Allah ya jiƙan Bappa.
Iklima.

Kano, Litinin.

Iklima,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Bappa, ya ba mu haƙuri. Na karanta takardarki, na kasa cin abinci.

Ki ce wa Baba na warware alkawarin. In ya so ya cire. In kuma ya bar ta, ki mayar masa da jakar, tasa ce, kada ki sa ta a kayan sayarwa. Ranar da ya ga dama a san inda yake, ya buɗe.

Gobe ina hanya, mai ɗori ya yi ta faɗansa. Ki roƙa mini Baba ya jira ni a zaure, in ba shi da wurin zuwa.

Yayanki,
Mu'azzam.