Diyyar Mutum

Zuwa ga ƙanwata Haruyo,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Masatsugu da kowa na gidanku a São Paulo. Allah ya sa sabuwar shekara ta shigo muku da alheri, ya kuma sauwaƙa wa Masatsugu ciwon sugan nan. Na san zafi kuke sha a can, mu kuwa sanyi ya hana mu sakat. Mijina Tetsuro yana nan lafiya, sai ciwon baya, wanda ba ya tashi sai lokacin wanke kwanuka ya yi. Shago yana tafiya, ko da yake kin san yadda cinikin taliyar udon yake idan an rufe filin wasa: masu zuwa surutu ne yake kawo su, ba yunwa ba. Mun je kabarin iyayenmu kafin shekara ta fita, mun share, mun zuba ruwa, na kunna turare da sunanki.

Na san ɗanki Sohei ya kira ki ya ce zai koma wata ƙungiya a arewa, na kuma san yadda yake ba da labari, kamar sayen kalmomin yake yi. Ke kuwa ba ki taɓa damuwa da ƙwallon gora ba, wasan nan da wani yake jefa ƙwallo wani ya buge ta da gora, ko lokacin da kuka tafi kika bar mini shi yana ɗan shekara goma sha biyar don kada ya rabu da ƙungiyar makarantarsa. Saboda haka bari in ba ki labarin da kaina, domin akwai hannuna a ciki, kuma abin ya hana ni sukuni.

Kin san shekaru ke nan ƙungiyarmu, wadda Sohei yake yi wa wasa, tana jan gindi a ƙasan teburi. Masu jifa muna da su, amma masu bugu sai ka ce da tsintsiya suke fita. To da aka rufe kakar wasa, sai aka ji Mibuchi, babban mai bugun ƙungiyar arewa, ya cika shekarun da doka ta ba shi damar zaɓar inda zai tafi. Haruyo, na haukace. Duk wanda ya zauna cin udon sai na yi masa huɗuba, har tsoho Kanbe mai gyaran keke ya ce shi dai a zuba masa romo, in huɗuba yake so ya san hanyar haikali. Na sayo ƙaton daruma ja, mutum-mutumin sa'a ɗin nan mai fararen idanu, na ɗora a kan kanta, na shafa masa ido ɗaya baƙi kamar yadda ake yi idan an ƙulla buri, na ce ɗayan sai ranar da Mibuchi ya sa rigarmu. Ranar kuwa ta zo. Shago ya cika, aka yi ta waƙa, har Tetsuro ya manta da bayansa. Sohei ya shigo da matarsa Nanae da 'yarsu Koharu, sai Kanbe ya ɗaga murya ya ce ga ɗan wasa a gida, wa kuma ya fi cancanta ya buɗe wa daruma ido? Ni da hannuna na tsoma alƙalami a tawada na miƙa masa. Ya karɓa yana murmushi, ya zagaye idon tsaf. Nanae ce ta ja Koharu suka fita, na ɗauka hayaniya ce ta dame ta.

Ga abin da ba ki sani ba. Idan ƙungiya ta ɗauko babban ɗan wasa irin wannan, ba kuɗi kaɗai take bayarwa ba. Tana ware mutum ashirin da takwas ta ce waɗannan ba a taɓa su, sauran kuwa ƙungiyar da aka ɗauke wa mutum tana iya zaɓar ɗaya ta tafi da shi. Diyyar mutum ake ce wa abin. Kada ki ce ban san dokar ba. Ni ce nake koya wa mutane ita a shago, har da yi musu tsawa in sun kasa ganewa. Na san Sohei ya kai talatin da huɗu, na san gwiwoyinsa, na san yaron nan Tobe ya ƙwace masa matsayinsa na mai cafe ƙwallo tun bara, na kuma san 'yan arewa suna neman gogaggen mai cafe da zai riƙe musu yaransu masu jifa. Komai yana gabana, amma ban haɗa ba, don ban so in haɗa ba. Shi ya haɗa tun ranar da na sayo daruman, matarsa ma haka. Da labarin ya fito, ina cikin yanka albasa na ji sunansa a rediyo. Garin neman gira na rasa ido.

Ba ƙaramin abu ba ne gare su. Kwanan nan suka tare a gidan da suka saya kusa da makarantar Koharu, ga mahaifiyar Nanae tana jinya, saboda haka shi kaɗai zai tafi ya zauna a ɗakin haya cikin dusar ƙanƙara. Maganar da ake yi cewa idan ya ajiye safar hannu ya bar wasa za a ba shi aikin koci a nan, yanzu babu mai tayar da ita. Na san ba tawadata ce ta kore shi ba. Manyan ƙungiya ba su san da zamana a duniya ba. Tetsuro yana ta faɗa mini haka, yana cewa in daina ɗaukar kaina kamar ni ce mai ƙungiyar. Amma ai ba nan abin ya tsaya ba.

Shekaranjiya da la'asar, lokacin da babu kowa a shago, sai ga Sohei ya ɗaga labule. Ya zauna a kujerarsa ta lungu, na zuba masa udon da ƙwai biyu yadda yake so, ya cinye har romo. Ya yi ta zolayata, wai in shirya, ya san sirrin kowane mai bugu namu, ko mutum ɗaya ba zai bari ya taka tushen farko da mai bugu yake rugawa ya taka ba, kuma Mibuchin nawa da tsakiyar bazara zai fara ɗingishi. Na ce masa ja'iri, wanda ya kasa jefa ƙwallo ta kai tushe na biyu ne zai yi mana baki? Muka yi dariya. Sai ya ajiye tsinkayen cin abinci ya ce yana da tambaya, kuma ba Innarsa yake tambaya ba, matar da duk unguwa ta san ba ta taɓa ƙarya a kan ƙwallo ba ita yake tambaya. Ya ce da ni ce mai zaɓen mutum ashirin da takwas ɗin nan, da na sa shi a ciki?

Haruyo, kalma ɗaya ce. Na goya wannan yaro a zuciyata shekara kusan ashirin, na wanke masa riguna masu jar ƙasa har hannuna ya tsage, amma a wannan lokacin kaina sai ya shiga lissafin masu jifa da yara masu tasowa. Na juya ina motsa tukunyar da ba ta buƙatar motsi. Ya jira, sannan ya yi dariya ya ce kada in damu, shi ma da ba zai sa kansa ba. Da ya tashi tafiya bai ce sai gobe ba kamar kullum. Tsayawa ya yi a bakin ƙofa ya haɗa ƙafafu, ya rusuna mini irin rusunawar da ake yi wa shugaban wurin aiki ranar sallama, ya ce ya gode da ɗawainiyar da na yi da shi duk waɗannan shekaru. Ina jin kunya ƙwarai. Abin da ya fi ba ni kunya kuma shi ne, ko yau da safe da na tuna Mibuchi zai fito na huɗu a jerin masu bugunmu, sai da zuciyata ta yi fari kafin in tsawata mata.

To ga roƙona. Zai tafi sansanin horo a farkon wata mai zuwa. Ki kira shi kafin nan, kada ki tambaye shi gwiwa ko ɗakin haya. Ki ce masa da ke ce mai zaɓe, shi za ki fara sawa. Idan ni na faɗa yanzu, ya san ƙarya ce, kuma zai rasa abin da ya rage masa a wurina, wato gaskiyata. Ke kuwa ba ki san bambancin mai cafe da mai jifa ba, idan kika faɗa gaskiya kika faɗa, kuma yana buƙatar ya ji ta daga bakin wani a danginsa.

Ki gaida Masatsugu da kyau, ki ce ya rage zaƙi. Ki gaida 'yarki Chizuru da mijinta Renato da jikanki Kaito. Tetsuro yana gaishe ku duka. Idan kin samu Sohei a waya, kada ki ce masa na rubuto.

Taki har kullum,
Yayarki Tokiko