Ranar da Manase Ya Ci Ragowar Ƙanwarsa

Yaya Meleane,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar Inna da mutanen garinmu Neiafu? Mu a nan ƙasar waje, a birnin Melbourne, lafiya lau, bayana ne kawai ke ɗan ciwo.

Ranar Asabar na sami hutu, yara suka fita da ni. Mun zaga gari, mun ga kogi, sannan muka shiga filin ƙwallo. A can 'yata Seini ta sayi burodi mai nama, ta gutsura, ta miƙa wa yayanta Manase, ya cinye. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, yana zagin alƙalin wasa a gabanta.

Na ce, "Kai, ƙanwarka ce fa."

Ya yi dariya ya ce, "To Mama, guba ta sa a ciki?" Ita ma ta yi dariya.

Kin san mu a al'adarmu ko ɗakin da yayanmu namiji yake ba ma zama, balle ya ci ragowarmu ko ya yi zagi a gabanmu. Shekara tara ina aikin wanke tsofaffin mutane a gidan kula da su saboda yaran nan, ban san ranar da suka kuɓuce mini ba.

Ki gaya wa gwaggonsu ba za mu zo Kirsimeti ba. Ki ce mata aiki ne. Kin san ba ta wasa da al'ada, ba zan kai mata su haka ba.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Losaline