Ƙorafi Kan Injin Wanki Mai Tambarin Balbela Da Aka Jingina Wa Gidan Tobise

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Ilimi da Al'adu,
Yallaɓai Nabekura Tokuji,
Ofishin Magajin Garin Tsuzurahara.

Daga:
Okonogi Shizue,
Tsohuwar Shugabar Makarantar Firamare ta Gabas,
Unguwar Maƙera, Tsuzurahara.

7 ga Oktoba, 2019

Game da: Rubutun da aka kafa a gaban injin wanki mai tambarin Balbela a gidan tarihi na gari, da takardar yabon da za a bayar ranar 3 ga Nuwamba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan sanyin kakar bana ya same ka cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a madadin mahaifina, Hatakenaka Genzo, maƙeri, mai shekara casa'in da ɗaya. Bai san na rubuto ba, kuma da ya sani da ya hana ni.

1. Ranar 14 ga Satumba na shiga gidan tarihi na tarar da injin wankin mahaifiyata, wanda na bayar aro da hannuna, an kafa masa allo mai cewa: "Ƙirar Kamfanin Tobise, 1958, abin alfaharin garinmu." Ranka ya daɗe, gidan Tobise kanti ne. Sun sayar da rediyo, sun sayar da fanka, sun sayar da injin wanki. Ko cokali ba su taɓa ƙerawa ba. Mahaifina ne ya ƙera kowane Balbela a rumfarsa da ke bakin rafi, shi da ma'aikatansa, a ɗora a amalanke a kai bayan kantin, yaran Tobise su manna tambari. Iyakar ƙirarsu ke nan, kuma sau da yawa a karkace suke mannawa.

2. Na kai wa jami'in gidan tarihi, Malam Yugeta, hujjoji a bayyane. Gindin tukunyar injin a zagaye yake, domin da mazubin manyan tukwanen dafa shinkafar makarantu aka buga shi, kuma wannan mazubin yana nan a zaurenmu. Hannun da ake murzawa a matse wanki kuwa a hagu aka ƙera shi, saboda gidajen lungunanmu kwatarsu a dama take, jikin bango, babu wurin da mace za ta tsaya ta murza. Malam Yugeta ya saurare ni da murmushi, ya ba ni shayi, sannan ya sanar da ni cewa sun riga sun cire hannun sun mayar da shi dama, wai yana tare tambarin a hoto. Tirƙashi! Aro na ba ku, ban ba ku kyauta ba. A makarantata yaron da ya ari fensir ya fiƙe shi ba izini sai ya ba da haƙuri a gaban aji.

3. Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Ranar 20 ga Satumba hukumarka ta aiko mutane gidanmu, suka tambayi mahaifina ko shi ya ƙera injin. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Injin gidan Tobise ne." Suka rubuta, suka rusuna, suka tafi da murna, aka ce an rufe magana. Ranka ya daɗe, kai ma ɗan garin nan ne. Ka san wanda ke yi wa babban gida aiki ba ya ambaton kansa. Ranar da tsoho Tobise, mai kantin, ya ba shi aikin, sun sha daga kofi ɗaya alamar rantsuwa, mahaifina ya ɗauki alƙawarin ba zai taɓa cewa shi ne maƙerin ba sai mai gidan ya sake shi. Tsoho Tobise ya rasu bai sake shi ba. Duk wanda kuka aiko ya san wannan al'ada tun yana goye. Kun je kun tambayi mutum abin da kuka san bakinsa a ɗaure yake a kai, kuka mayar da mutuncinsa hujjar ƙaryata shi. Ban san sunan da ake ba wannan a ofis ba. A gida sunansa rashin kunya.

4. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya kwance wannan alƙawari, shi ne magajin gidan, Kansila Tobise Masaharu, wanda kuma, ikon sa'a, shi ne shugaban kwamitin gidan tarihin, kuma shi zai karɓi takardar yabon. Na same shi ranar 27 ga Satumba. Ya ce mini, "Haba Malama, ai tsohon nan da bakinsa ya faɗa, ni wa ne ni da zan ƙaryata dattijo?" Na koyar da Masaharu a aji huɗu. Tun a lokacin idan aka yi aikin rukuni shi ke rugawa ya riƙe kwalin da aka rubuta aikin a gaban allo. Bai canza ba, tumbi kawai ya ƙara.

5. Na lura hukumarka ta buga hoton kansilan a takardar gayyata, hannunsa a kan injin, yana kallon nesa. Na tabbata bai san ta inda ake zuba masa ruwa ba.

Ba na neman a ci mutuncin kowa, kodayake wasu sun cancanta. Ba na neman a cire sunan Tobise, su suka sayar, a rubuta sun sayar. Matan garin nan da suka daina fasa ƙanƙara a rafi don wanke kayan yara suna da haƙƙin sanin wanda ya raba su da wannan wahala, jikokinsu ma haka.

Saboda haka ina roƙo da tawali'u:

Na ɗaya, a umarci Kansila Tobise, ko a roƙe shi idan umarni ya yi masa nauyi, ya tako zuwa gidanmu kafin 3 ga Nuwamba, ya durƙusa a gaban mahaifina ya ce, "Baba, gidanmu ya sake ka." Magana ɗaya ce, ba ta buƙatar zaman kwamiti.

Na biyu, a gyara allon, a kuma mayar da hannun inda maƙerinsa ya sa shi.

Ina roƙon a hanzarta, domin gayyatarku ta iso, kuma mahaifina ya karɓe ta da hannu biyu. Likita ya hana shi fita, ya ce zai je. Ya sa an goge masa baƙar kwat ɗinsa da yanzu ta yi masa yawa, ya ce idan gidan ubangidansa zai karɓi yabo, abin kunya ne a duba a ga babu shi. Zai zauna a sahun gaba, za a kira sunan Tobise, kuma zai tafa da gaske, da hannuwan nan da wuta ta gama ƙonewa. Ni ce zan tura kekensa. Na yi shekara talatin ina hana yaran garin nan ƙarya, Ranka ya daɗe, kada hukumarka ta tsayar da ni a bayan ubana ina kallo yana tafa wa ƙaryar da aka yi a kansa.

Ina jiran matakinka. Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawar da ofishinka ya cancanta.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Okonogi Shizue, 'yar Hatakenaka Genzo, maƙerin Balbela